Darasi: Tausasa Hasken Filashin Zobe

A shekarar 1952 wani Ba'amurke mai suna Lester Dine ya ƙera fitilar ɗaukar hoto mai siffar zobe domin likitocin haƙori. Damuwarsu a lokacin ita ce cikin bakin mutum rami ne. Idan filashi yana saman kyamara ko a gefenta, leɓe da kumatu sukan tare hasken, haƙoran gaba su yi fari fat, na ciki kuma su nutse a duhu. Sai Dine ya sa fitilar ta zagaye bakin lensi, ta yadda duk inda lensi ya leƙa, haske ma ya shiga. Daga ɗakin likita ta bazu zuwa hannun masu ɗaukar ƙwari da furanni, da masu binciken laifi, da masu hoton tallan tufafi.

Kada ku haɗa filashin zobe da fitilar zobe ta LED, wadda masu kwalliya da masu bidiyon TikTok suke kafawa a gabansu. Ita LED tana ci ne ba yankewa, kana ganin haskenta kafin ka danna. Shi kuwa filashi walƙiya ce guda, wadda sau da yawa ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, amma a cikin wannan ɗan lokacin ƙarfinta ya ninka na LED nesa ba kusa ba. Yawancin abin da za mu faɗa a nan ya shafi dukansu biyu. Inda suka rabu shi ne, mai filashi ba ya ganin sakamakon aikinsa sai ya ɗauka, saboda haka dole ya fahimci abin da yake yi tun kafin ya danna.

Irin wanda kuka fi cin karo da shi shi ne ƙarami na ɗaukar abu a kusa, kamar Canon MR-14EX II ko Sigma EM-140 DG. Akwatin batir da maɓallai yana zama a saman kyamara, waya ta taho daga nan zuwa zoben da aka maƙala a bakin lensi. A cikin zoben akwai bututu biyu masu lanƙwasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, cike da iskar zenon. Ku riƙe zancen bututu biyun nan, za mu koma kansa.

Halin haskensa

Tun da haske yana fitowa daga inda lensi yake kallo, kusan duk inuwar da ya yi tana faɗawa bayan abin da ake ɗauka, inda kyamara ba ta gani. Wannan ne ya sa wasu suke cewa filashin zobe ba ya yin inuwa, har su ɗauka haskensa mai taushi ne. Ba haka abin yake ba. Inuwar tana nan, ɓuya ta yi. Ku tsayar da mutum kusa da bango ku ɗauke shi, za ku ga wani baƙin layi ya bi siffarsa ta kowane gefe, kamar an zana shi da gawayi. Gefen inuwar ne yake leƙowa.

Illa ta biyu ta fi wannan ɓata hoto, wato ƙyalli. Haske yana dawowa daga abu mai santsi a kan kusurwar da ya faɗa masa. In ya zo daga gefe, sai ya tafi ɗaya gefen, kyamara ba ta gan shi ba. In kuwa daga bakin lensi ya fito, duk wani wuri mai santsi da yake fuskantar kyamara zai mayar da shi kai tsaye cikin lensin. Goshi mai gumi, kan hanci, jiƙaƙƙen haƙori, bayan buzuzu, shadda da aka buga, ɗan kunnen gwal, dukansu za su fito da farin tabo ko siririn farin zobe. A wurin da tabon nan ya hau, babu launi, babu zane, babu komai, kuma babu manhajar gyaran hoto da za ta dawo da abin da ba a ɗauka ba tun farko.

Ta uku ita ce shafewa. Ido yana gane tudu da kwari ne ta inuwa. Da zarar inuwa ta ɓuya, aikin allura a wuyan babbar riga sai ya fito kamar zanen da aka buga a kan yadi.

Mayafin tausasa haske, wanda masu sana'a suke kira difiyuza, yana maganin ta biyu sosai, yana rage ta farko, amma ta uku ba ruwansa da ita, wani lokaci ma ƙara ta yake yi. Gara ku san wannan tun yanzu.

Abin da ke sa haske ya yi taushi

Ku fita waje da tsakar rana a watan Afirilu ku dubi inuwarku. Bakinta a yanke yake tsaf. Ku sake fita a ƙarshen Disamba, ranar da hazo ya sauka sosai: inuwar ta dushe, gefenta ya narke, wani lokaci da ƙyar za ku same ta. Rana ba ta canza ba. Ƙurar da iskar hunturu ta kwaso daga Sahara ce ta warwatsa hasken, ya zama ba daga ƙwallon rana kaɗai yake zuwa ba, daga sararin sama duka yake saukowa. Tushen hasken ne ya faɗaɗa.

Duk darasin nan a kan wannan yake tsaye. Taushin haske ya dogara ne da girman tushensa, kuma girman da ake nufi shi ne yadda abin da ake ɗauka yake ganinsa daga inda yake. Faɗin rana ya kai kilomita miliyan 1.39, amma tana nesa da mu da kusan kilomita miliyan 150, shi ya sa a sama kimanin rabin digiri kawai take cikewa, babban yatsa ma ya isa ya rufe ta. Ƙaramin tushe ce a wurinmu, haskenta kuma mai kaifi.

Akwai ɗan lissafi mai sauƙi da zai nuna muku faɗin dushewar da ke gefen inuwa. Ku ɗauki faɗin fitila, ku ninka da tazarar da ke tsakanin mutum da bango, ku raba da tazarar da ke tsakanin fitila da mutum. A ce faɗin zoben santimita 12 ne, mutum yana santimita 120 daga gare shi, bango kuma yana santimita 30 a bayansa. 12 sau 30 ya ba da 360, a raba da 120, an sami santimita 3. In aka faɗaɗa fitilar ta koma santimita 48 ba tare da an motsa kowa ba, dushewar ta zama santimita 12. An ninka faɗin fitila sau huɗu, taushi ya ninku sau huɗu. Haka kuma in aka bar fitilar yadda take aka matso da ita zuwa rabin tazarar, taushin zai ninku biyu.

Ku lura da abin da babu shi a cikin lissafin: ba a ambaci kaurin yadi ba, ba a ambaci irin roba ba, ba a ambaci ƙarfin fitila ba. Faɗi ne da tazara kawai.

To, daga nan za ku gane dalilin da ya sa zobe ɗaya yake da hali biyu. Ga ƙudan zuma da ke santimita 10 daga lensi, zobe mai faɗin santimita 12 babban abu ne da ya cika masa gaba. Matsalarsa kawai ita ce bututun siriri ne, duk ƙarfin hasken ya taru a layi guda, shi ya sa hotonsa yake fitowa a jikin ƙwaron kamar farin zare. Ga mutumin da ke tsaye mita 2 kuwa, zoben nan ɗigo ne kawai, bambancinsa da filashin da ke saman kyamara kaɗan ne. A hoton kusa, aikin mayafi shi ne ya baza hasken bututun ya cike fili mai faɗi. A hoton mutum, aikinsa shi ne ya ƙara wa fitilar girma gaba ɗaya. Mayafin da ya yi wa ɗaya ba lallai ya yi wa ɗayan ba.

Kuskuren da aka fi yi

Mutum zai yanko farar leda ko takardar tishu, ya manna ta a fuskar zoben da salatif, ya ɗauki hoto, ya ga hasken ya ragu, ya ce ya yi taushi. Bai yi ba. Wurin da ke haskawa a kan takardar daidai yake da faɗin bututun da ke bayanta, domin hasken bai sami filin bazuwa ba kafin ya iso gare ta. An rage ƙarfi, an ƙara wa batir wahala, ƙyallin kuma yana nan da siffarsa. In kyamara tana kan tsarin TTL, wanda yake auna haske da kansa, sai ma ta ƙara wa filashin ƙarfi don ta cike abin da takardar ta cinye, hoton ya fito tamkar ba a sa komai ba. Ninka takardar sau uku ba zai canza wannan ba.

Abin da ake bukata shi ne rata tsakanin bututu da mayafi. Haske yana buɗewa yayin da yake tafiya, saboda haka duk santimita ɗaya da aka ƙara a ratar, filin da ke haskawa a kan mayafin yana ƙara faɗi. Mayafin ne yanzu ya zama fitilar. Bututun yana haska shi, shi kuma yana haska abin da ake ɗauka.

Yadda za ku haɗa naku

Mayafin hoton kusa ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ku nemi farar roba mai zurfi wadda haske yake ratsawa amma ba a hango abin da ke bayanta, irin ta zuba abinci ko gindin farin galan. Roba mai garau kamar gilashi ba ta da amfani, haske wucewa kawai zai yi. Hanyar gwaji ita ce ku kunna fitilar waya, ku riƙe robar santimita 4 ko 5 a gabanta, ku duba daga ɗaya gefen. In kuna hango ƙwayar fitilar a matsayin ɗigo, robar ta yi shara-shara da yawa. In fili ne ya haskaka bai ɗaya, ta yi. Siririyar farar kumfa da ake naɗe sababbin kayan lantarki da ita tana cin wannan gwaji sosai, ga ta ba nauyi, ga sauƙin yankewa. A ganina ta fi yawancin robobi. Takardar kwafin zane mai shara-shara ma tana yi, sai dai ba ta jure hannu da laima.

Ku yanke rami a tsakiya daidai faɗin bakin lensi. Ku ɗaura mayafin ta yadda zai tsaya santimita 3 zuwa 5 a gaban bututun, faɗinsa kuma ya zarce na zoben, a ce santimita 18 zuwa 20. In za ku iya sa gefensa ya ɗan rusuno gaba kamar an kifa kwano a kan abin da ake ɗauka, ya fi kyau, domin haske zai riƙa zuwa ta gefuna ma. Filin da ke bayan mayafin, tsakaninsa da zoben, ku rufe shi da farin kwali. Hasken da mayafi ya mayar baya, wanda ba kaɗan ba ne, kwalin zai sake turo shi gaba maimakon ya tafi a banza.

Yanzu sai abin da mutane da yawa suke mantawa. Mayafin da ke gaban lensi yana haskawa ta kowane ɓangare, har da baya. In haskensa ya faɗa kan gilashin lensi, hoton zai fito da wani farin hayaƙi a kansa, baƙi ya koma toka-toka, launi ya yi sanyi. Maganinsa shi ne ku naɗe baƙin kwali marar sheƙi ya zama ɗan bututu, ku sa shi daga bakin lensi zuwa ramin mayafin, ya zama katanga tsakanin hasken da gilashin. Kada ya yi tsawo da yawa. In kun ga kusurwoyin hoto huɗu sun yi duhu, lensi yana hango kwalin ke nan, sai ku rage masa tsawo kaɗan-kaɗan.

Dole kuma ku yi la'akari da filin da ke gabanku. Lensin kusa mai milimita 100, idan ya kai matuƙar kusancinsa, wato inda girman abu a kan na'urar ɗaukar hoto ya yi daidai da girmansa na zahiri, tazarar da ke tsakanin bakinsa da abin kimanin santimita 15 ce. Zobe ya ci wani abu, mayafi ya ci 5, saura kaɗan. Mai milimita 60 filinsa bai kai haka ba. Ga ɗan kunne ko tsabar kuɗi babu damuwa, ba za su gudu ba. Ga ƙwaro mai rai, sai an yi ciniki tsakanin taushin haske da tsoratar da shi. Masu wannan aiki sukan fita da sassafe, lokacin da sanyi bai saki ƙwarin ba.

Na hoton fuska wani abu ne daban. Ana bukatar faɗin da ya kai santimita 40 zuwa 50, kuma ƙaramin zobe ba zai iya cika wannan fili ba sai an ba shi rata mai tsawo, wadda za ta sa baƙin bututun tsakiya ya shiga hoto. Shi ya sa masu ƙera kaya suka bi ta wata hanya. RoundFlash, alal misali, ganga ce ta yadi mai naɗewa, faɗinta kimanin santimita 45, da rami a tsakiya inda lensi yake shiga. Filashi na gama-gari da ke saman kyamara shi yake haska cikinta, hasken ya yi ta karo da bangon ciki mai sheƙi, sannan ya fito ta farin yadin gaba. Za ku iya kwaikwayon wannan da kwali: ganga mai zurfin santimita 12 zuwa 15, a lulluɓe cikinta da takardar alminiyam da aka ɗan cukwikwiye aka sake warwarewa, a ja farin yadi marar kauri a gaba. Sashen da ke kusa da filashin zai fi haske, to sai ku ƙara masa yadi ninki biyu a wajen don ya daidaita da ƙasan.

Abin da ake biya

Babu mayafin da ba ya cin haske. Masu hoto suna auna haske da mataki: raguwar mataki ɗaya tana nufin haske ya koma rabi, mataki biyu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Mayafin gida yakan ci mataki ɗaya zuwa biyu, babbar ganga tana iya cin fiye da haka. Lambobin ƙofar lensi, wato f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22, tsakanin kowace da mai bi mata mataki ɗaya ne. Haka lambobin ISO, wato saitin yadda kyamara take jin haske: 100, 200, 400, 800.

Ga yadda za ku san abin da naku yake ci. Ku cire filashi daga TTL ku sa shi a saitin hannu, ku tsayar da ƙarfinsa wuri guda, a ce 1/8. Ku ɗauki hoton farar takarda ko kati mai ruwan toka ba mayafi, a f/16. Ku ɗaura mayafi ba tare da kun motsa kyamara ba, ku ɗauka a f/11, sannan f/8, sannan f/5.6. Wanda haskensa ya yi daidai da na farko shi ne amsar. In f/8 ne, mataki biyu ke nan. Ku rubuta a jikin mayafin.

Lamba 14 da ke cikin sunan MR-14EX ita ce lambar ƙarfinsa, a mita, a ISO 100. Ana raba ta da tazara a sami lambar ƙofar lensi: a mita 1, f/14, a mita 2, f/7. In mayafi ya ci mataki biyu, lambar ta koma 7, wato a mita 2 sai an buɗe lensi zuwa f/3.5, kuma da cikakken ƙarfi. Kun ga ke nan ƙaramin zobe ba kayan ɗaukar amarya da ƙawayenta ba ne. Ɗaga ISO zuwa 400 yana dawo da matakan biyu, kuma a kyamarorin yanzu ISO 400 ba ya ɓata hoto. Ni dai da shi nake ba da shawarar a fara, kafin a taɓa ƙofar lensi, musamman a hoton kusa inda ake bukatar f/11 ko f/16 don abin ya fito garau daga gaba zuwa baya. A kusa sosai lissafin lambar ƙarfi ba ya zama daidai, domin lensin kansa yana cin kimanin mataki biyu idan ya kai matuƙar kusanci. Can gwaji ne abin dogaro.

Saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara take buɗewa don haske ya shiga, ba ya cikin wannan cinikin. Walƙiyar ta fi shata sauri, don haka ko 1/60 kuka sa ko 1/200, hasken filashi ɗaya ne a hoton, abin da zai canza shi ne hasken ɗaki. Kada dai ku wuce iyakar da kyamararku ta yarda da ita, wadda a yawancinsu 1/200 ce ko 1/250, in ba haka ba wani sashe na hoton zai fito baƙi.

Sai launi. Hasken filashi yana wajen 5500 zuwa 6000 a ma'aunin Kelvin, kusa da hasken rana. Tsohuwar roba tana ja zuwa rawaya, wasu fararen takardu da yadudduka kuma suna ja zuwa shuɗi saboda sinadarin da ake sa musu don su ƙara fari. Ido ba ya lura da wannan, kyamara tana lura. Duk lokacin da kuka sauya mayafi, ku sake saita farin kyamara da kati mai ruwan toka. Mai sayar da leshi ko atamfa ta waya ya san abin da ke biyo baya idan launin da ke hoto ya saɓa da wanda ya isa hannun mai saye.

Fata da fuska

Fata tana mayar da haske iri biyu. Akwai wanda ya shiga cikinta ya fito ɗauke da launinta, akwai kuma wanda ya tsaya a saman maiƙo da gumi ya dawo fari. Baƙar fata tana shanye kaso mai yawa na irin na farko, amma na biyun bai ragu ba, shi ya sa farin tabo ya fi fitowa fili a kanta fiye da a kan fata mai haske. Masu koyo sukan yi ƙoƙarin gyara wannan ta rage ƙarfin filashi, sai fuskar ta yi duhu, tabon kuma yana nan. Faɗaɗa tushen haske ne yake warware shi: ƙyallin ya bazu a fili mai faɗi, ƙarfinsa a kowane wuri ya sauka, ya koma wani sheƙi mai laushi da ke fito da siffar goshi da kumatu. Wannan sheƙin ba abin kawarwa ba ne, shi yake ba baƙar fata kyau a hoto. Goge gumi da 'yar hoda kafin a ɗauka suna taimakawa. Ku kuma janye mutum daga bango aƙalla mita ɗaya da rabi, baƙin layin nan da ke zagaye shi zai dushe.

Abin da mayafi ba ya iyawa

Jan ido yana faruwa ne idan haske ya shiga ƙwayar ido ya dawo daga bangon cikinsa mai jijiyoyin jini. Kusancin fitila da lensi ne sanadinsa, saboda haka yafa wa ƙaramin zobe mayafi ba ya hana shi. Ku ƙara hasken ɗaki don ƙwayar idon ta tsuke, ko ku sa mutumin ya ɗan kawar da kallonsa daga lensi. Mai tabarau kuma sai ya ɗan sunkuyar da su ko ya juya kai kaɗan.

Ƙarfe mai sheƙi madubi ne, abin da ke gabansa yake nunawa. In kun ɗauki faffadan abin wuya na gwal kai tsaye, za ku ga mayafinku a ciki da baƙin rami a tsakiya, wato lensi. Ku karkata kayan kaɗan, ko ku cire zoben daga bakin lensi ku riƙe shi a gefe, tun da yana da waya, ku haska ta cikin farin yadi da kuka kewaye kayan da shi.

Ga jiƙaƙƙen abu kamar haƙori, ko fata, ko zanen fenti, akwai dabarar da ta fi mayafi: a sa leda mai tace haske, wadda ake kira folaraiza, a gaban filashi, a sa wata a bakin lensi, a juya su su gitta wa juna da digiri 90. Ƙyallin saman yana ɓacewa kusan gaba ɗaya. Likitocin haƙori suna amfani da ita wajen tantance launin haƙori. Tana cin haske sosai, kuma in za a haɗa ta da mayafi, dole ledar ta kasance a waje, mayafi a ciki, domin mayafi yana wargaza tsarin da ledar ta yi wa hasken.

Shafewa kuwa, a nan ne bututu biyun nan suke da rana. Yawancin filashin zobe suna ba da damar fifita ɗaya a kan ɗaya. Na Canon yana zuwa har 8:1 ta kowane gefe. Ku gwada 4:1 a kan hular da aka yi wa aikin hannu, za ku ga zare ya tashi. In naku ba shi da wannan saiti, ku rufe rabin mayafin da ƙarin ninki biyu na kumfa, ko da baƙin kwali gaba ɗaya.

Kiyaye kai da kaya

Kada ku buɗe cikin filashi. Akwai ma'ajiyar wuta a ciki da ke riƙe kusan bolt 300, kuma tana iya riƙe ta ko bayan an cire batir. Bututun yana zafi idan aka yi ta walƙawa a jere da cikakken ƙarfi. Leda da ke manne da shi tana iya narkewa, tishu ya babbake. Wannan wani dalili ne na barin rata. Kada ku walƙa a kusa da idon mutum ba tare da kun gaya masa ba, jarirai kuma ku nemi hasken taga.

Aikin gwaji

Ku samo cokalin ƙarfe, da tumatir guda da aka wanke bai bushe ba, da hula mai aikin hannu. Ku kafa kyamara wuri guda, filashi a saitin hannu. Ku ɗauki kowannensu sau uku: ba mayafi, da mayafi manne a fuskar zobe, da mayafi a ratar santimita 4. Ku daidaita ƙarfin filashi a kowane karo don hasken hotunan ya zo ɗaya, in ba haka ba za ku ruɗi kanku. Ku faɗaɗa hotunan a allo ku gwada faɗin ƙyallin da ke kan tumatir a cikin ukun, ku rubuta abin da kuka gani. Sannan ku sake ɗaukar hular da rabin mayafi a rufe, ku kwatanta da na farko.

Wanda ba shi da filashin zobe ya yi aikin da fitilar wayar abokin karatunsa, a riƙe ta dab da lensin tasa wayar.

Ku amsa waɗannan a littafinku kafin zama na gaba. Fitila mai faɗin santimita 20 tana santimita 100 daga mutum, bango yana santimita 50 a bayansa. Nawa ne faɗin dushewar gefen inuwa? Filashi mai lambar ƙarfi 14 an sa masa mayafi mai cin mataki biyu, ISO yana 400, mutum yana mita 2; wace lambar ƙofar lensi za a sa?